Titunan Kawu Ashafa

A bakin Mama na fara jin sunansa, a kicin ɗinmu na unguwar Longsight a Manchester, tana yanka albasa tana waya da ƙanwarta Rahmatu. "Ashafa? Yana nan Birmingham, yana gadin hoto." Ina ƙarama lokacin, na ɗauka hoton ne yake yunƙurin guduwa.

Ɗan wan mahaifin Mama ne. Ya zo ƙasar nan da tallafin karatu don ya koyi zanen gine-gine, tallafin ya yanke ana tsakiya, kunya ta hana shi komawa Zariya. Ya samu aiki a wani gidan ajiye zane-zane, yana wuni a tsaye yana hana yara taɓa kaya. A ɗakin da yake gadi akwai zanen wani gwani ɗan Italiya, mutumin birnin nan da ruwa ne titunansa, wanda ya rasu tun kafin a kafa daular Sakkwato. Kawu ba ya kiran sunansa. Tsoho yake ce masa, kamar wani maƙwabci.

Na gama sakandare kafin na fara zuwa Sparkbrook, unguwarsu a Birmingham, ni kaɗai. A lokacin an riga an rage ma'aikata a gidan zane-zanen, shi ma guguwar ta haɗa da shi. Ɗakinsa cike yake da falankan katako da yake tsintowa a bayan shaguna, a kan kowanne ya zana wani lungu na Stratford Road: shagon mai nama, tashar bas, gidaje a jere kamar haƙoran mataji, hasken la'asar kwance a jikin jan bulo.

"Tsoho ne ya koya mini," in ji shi. "Shekaru ina kallon hannunsa. Birni yakan rushe, 'yata, amma in an zana shi daidai, ya tsira."

Na duba, na sake dubawa. "Kawu, ina mutanen?"

Babu mutum ko ɗaya, babu kare, babu tantabara. Tun yana yaro malaminsa ya gaya masa cewa wanda ya zana mai rai, ranar lahira za a ce ya hura masa rai. Tsoho ya cika birninsa da matuƙa kwalekwale da mata masu shanya, amma a nan Kawu ya raba hanya da shi.

Mama ba ta raga masa. Duk sallar da ya zo Manchester sai ta taɓa shi. "Yaya Ashafa, wannan gari naka annoba aka yi? Ko kowa ya gudu ne da ya hango ka da buroshi?"

"Batulu, bakinki ne ya kore su," yakan ce, yana miƙa hannu a ƙara masa miya.

Sau ɗaya ƙofa ta so buɗewa. Wata mata Celestina, mai kula da zauren taron unguwa, ta ga aikinsa ta ce za ta rataya masa guda goma. Sharaɗi ɗaya ne: masu ba zauren tallafi jama'a suke son gani. "Ka sa mutane, ko 'yan ƙanana ne, ko daga nesa."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya koma ɗaki ya shafe damina da hunturu yana fama. A cikin zanen ya zuba takalma a ƙofar masallaci. Ya rataya wanki a igiya. Ya bar ƙofar bas a buɗe, keken jariri a bakin shago, shayi yana hayaƙi a kan taga. Ranar da ya gama ya kira ni. "Ga mutanenta nan. Suna ciki, salla suke."

Muka fara ɗauko huɗu daga cikin falankan a bas, ni biyu shi biyu. Muka tarar da zauren an garƙame da kwaɗo, an buga katako a tagogi. Wani mai shago ya ce ƙaramar hukuma ta janye hannu, an sallami kowa, Celestina ta koma wajen ɗanta. Kawu ya daɗe yana kallon ginin. Ya ce, "Wannan ma ban zana shi ba."

Daga nan ciwon sukari ya ci idonsa. Ya rasu a asibiti, aka binne shi a ƙasar da bai taɓa cewa tasa ba ce. Da aka ce a kwashe kayan ɗakinsa, motar Baba ba ta ɗauki ko rabi ba. Sauran, masu shara suka tafi da su. Waɗanda muka tsira da su suna ƙarƙashin benenmu, danshi ya fara tashin fentin. Na kai hotunansu wurare da dama. Wasu sun ce ba su da wuri, wasu ma su kansu rufewa za su yi.

Zanen Tsoho kuwa, ana ta ajiyarsa ana goge masa ƙura.

Wata rana kafin rasuwarsa, ina rakiyar Kawu wajen likita, yana riƙe da gefen mayafina don ba ya ganin hanya sosai, sai ya tsaya. "'Yata, alfarma ɗaya. Ki samar wa zanena guda ɗaya bango. Ba na Batulu ba, ba na dangi ba. Bangon da baƙo zai wuce ya tsaya."