Haƙorin Makka da Hoton Muƙamuƙina

Salamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, yau kuma tsohon zance ne ya taso mini.

Zamanin da jam'iyyu suka fara yawa, yajin aiki ya zama ruwan dare, na dawo daga aikin Hajji da haƙorin zinariya a sama ta hagu. Duk garinmu Tsibiri babu wanda ban yi wa dariya ba, ko babu abin dariya.

Bayan shekara ya fara tsami. Sai kunci ya kumbura, hancina na zubar da ruwa mai wari.

Na san daga inda ciwon yake, amma na ce wa kowa sanyi ne. Na tauna kanumfari, wanzami ya yi mini ƙaho. Tsorona ɗaya, kada a cire shaidar Hajjina.

Maigidana, Alhaji Sani, Allah ya jiƙansa, shi ya ɗora ni a babur zuwa asibitin Maraɗi. Sau uku muna tarar da ɗakin hoton ƙashi a rufe, ana yaji. Duk dawowa sai ya tsaya ya saya mini fura, don ita kaɗai nake iya haɗiya. Ina kewar waɗannan tafiye-tafiyen.

A na huɗu aka yi radiyon, wato hoton ƙashin. Likita ya ɗaga hoton a taga, na ga ƙoƙon kaina ba nama, haƙora a jere, zinariyar ta fito fara fat.

Ya nuna mini saiwar haƙorin, da wani baƙin tabo kamar ƙwallon dabino. Ya ce ruɓa ce ta ci ƙashin muƙamuƙi, har ta huda kogon da ke gefen hanci.

"Hajiya, ko haƙorin, ko ƙashin huskarki. Ki zaɓa."

Wallahi sai da na tsaya ina tunani. Alhaji ya dube ni ya ce, "Hajjinki ba a baki yake ba. In mun koma Makka, ni zan sa miki wani."

Aka cire, aka wanke kogon, aka ɗinke. Wata biyu ina shan magani da kunu, na warke sarai.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan nan. Ku kuma, in haƙori ya dame ku, ko na zinariya ne, ku je a ɗauki hoto tun ƙashi bai taɓu ba.

Alhaji bai kai ga komawa ba. Ni na koma, na wuce masu sa haƙori ban tsaya ba.