Marin da Mayen Ƙarfe Ya Kamo

'Yan'uwa, yau marin da na sa a ƙafa lokacin ina bawa ya dawo hannuna!

Ina jan mayen ƙarfe gefen matacciyar hanyar jirgin ƙasa bayan unguwar Calçada, ina neman ƙusoshi. Sai ƙwal! Na tona. Wallahi shi ne, har da tsaga ukun da na yi masa!

Sai ga mai gadi da kulki. Ya ce, "Kai, ajiye! Duk ƙarfen nan na kamfanin jirgi ne."

Na ɗage wando, na nuna masa idon sawuna. Na ce, "Shekara huɗu yana cin namana. Sai kamfani ya nuna nasa tabon!"

Na saɓa abina na wuce. Gobe maƙeri zai mayar mini da shi fartanya.