Wayoyi Biyu a Bututu Ɗaya

Duk wahalar da na sha a sana'ar haɗa kwamfutoci, ranar da ɓeraye suka taso ni daga Karaye zuwa Rogo ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Wani mai ɗaukar hoton biki ne a Rogo ya sa na haɗa masa saba, wato na'urar da yake tara hotunan mutane a ciki. Na ja mata wayoyi biyu zuwa ɗakin aikinsa, na haɗe su suna aiki tare, don in guda ta lalace ɗayar ta riƙe. Kowace na bi da ita ta bango daban. Sannan na kafa katangar tsaro, babu mai shiga sabar sai kwamfutar shagon. Na yi masa bayani har maƙogwarona ya bushe, ya ce, "Injiniya, ai na gane."

Ana tsakiyar kaka ya bugo mini waya. Kwamfuta ta daina ganin saba, ga dangin wata amarya sun cika shago suna jiran hotunansu, da la'asar motarsu za ta koma garinsu Gwangwan. Daga nesa ban iya komai ba. Haka na hau babur cikin rana, ga zazzaɓi a jikina.

Ina isa na tarar wayoyin ba sa inda na bar su. Ashe gani ya yi sun ɓata masa bango, ya sa wani mai aikin lantarki ya cusa su a bututu ɗaya, ya bi da shi ta ɗakin baya. A ɗakin nan kuwa yayansa ya jibge buhunan gyaɗa. Ɓeraye suka ci gyaɗa, suka ƙara da wayoyina duka biyun a wuri guda.

"Wallahi Injiniya, gyara na yi," in ji shi.

Na durƙusa cikin ɓawon gyaɗa da kashin ɓera ina jan sababbin wayoyi, kakar amarya tana leƙowa tana cewa, "Ɗan nan, hoton jikata yana nan kuwa?"

Yana nan. Amma sai da motarsu ta tashi sannan ya fito, tsohuwar ta tafi hannu rabbana. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Tun daga ranar na koyi cewa wayoyi biyu a bututu ɗaya, waya ɗaya ce. Kuma in mutum ya yi saurin ce mini ya gane, sai in ja kujera in sake bayani daga farko.