Ranar da na yanke wa Baba Ilu gaisuwa

A ƙofar masallacin Kurmin Kogi Baba Ilu ya tare ni, ransa a ɓace.

Ni ke kula da manhajar kyauta da ke tura saƙonnin guruf ɗin manomanmu zuwa ƙananan wayoyi. Dogon saƙo yana kakkatsewa, sai na ɓata kwana huɗu na koya mata cire gaisuwa.

Ya ce, "Surukina ya turo min 'taki ya iso', ko sallama babu. Na daina ɗaga wayarsa."

Na ce, "Baba, wallahi ya gaishe ku har layi biyar. Ni na goge."

Ya ce, "Mayar min da gaisuwata. Takin ya jira."

Na gaji. Yanzu ga warware aiki, ga sulhunta surukai. Ku ma gyaranku ya taɓa zama ɓarna?