Ƙuri'a Ɗaya ta Haladu Mai Faci

Duk direban da ya taɓa yin faci tsakanin Kano da Katsina ya san Haladu, ko bai san sunanshi ba. Shi ne dogon nan mai tabarau ɗaure da zare, a gindin iccen bedi, daf da tashar Kankia. Ni kau Gajere ne ɗan kamasho, shekara ashirin da biyu ina ihun "Kano mutum ɗaya" a gefen injin iskarshi. Don haka in na ba da labarinshi, kada wani ya ce mani ji na yi.

Haladu bai yi boko mai nisa ba, amma taya yake karantawa. Ka turo mashi ita, ya shafa, ya ce, "Daga Tafashiya ka fito, ka bi ta bayan makaranta." Ya zaro ƙusa ko ƙaya ya ɗora maka a hannu. Bai taɓa cewa tayar da ke da rai ta mutu ba don ya saida maka wata, shi ya sa har yau keke ne abin hawanshi.

Matarshi Zuliha ɗiyar Bube ce, wani dattijon Bafulatani da ke da ruga can gaban Sukuntuni. Tsakanin rugar da hanyar mota akwai wani kwazazzabo, da rani ko akuya ba ta lura da shi, da damina kau sai ya cika ya tumbatsa, mata masu tallar nono su zauna a bakinshi nonon na tsami. Shekarun baya Zuliha ta tafi goyon cikin fari gidan iyayenta. Naƙuda ta zo da gardama ranar da aka wuni ana ruwa. Haladu ya samo mota, motar ta tsaya a wannan gaɓa, masu ɗauke da Zuliha suka tsaya a waccan, suna kallon juna har la'asar. Uwar ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Allah ya ba su wasu bayan nan, amma ban taɓa jin Haladu ya ɗauko zancen ba, ko sau ɗaya. Abin da na lura shi ne, duk ɗan siyasar da ya tsaya shan iska a wurinshi, sai ya ce mashi, "Ranka ya daɗe, kwalbatin nan fa?" Kowanne kau sai ya ce, "An gama, Malam Haladu." An yi ta gamawa har gemun Haladu ya yi fari.

Ran nan da hantsi, yana tsoma tub a ruwa yana neman kumfa, sai ya ce, "Gajere, ciyaman zan tsaya."

Na ce, "Ciyaman na masu faci?"

Ya ce, "Na ƙaramar hukuma."

Wallahi dariya na yi har fasinja biyu suka sauka suka shiga motar wani. Amma direbobi ba su yi dariya ba. Su suka haɗu suka yankar mashi fom a wata jam'iyya da ba sai na faɗi sunanta ba, ni kuma aka naɗa ni daraktan kamfe saboda ba mai muryata a duk tashar.

Abokin karawarmu a zaɓen fid da gwani shi ne Alhaji Sharafaddeen, wanda ya bar garin nan tun yana ɗan sakandare, ya dawo da tumbi da manufofi goma sha huɗu a ɗan littafi mai ƙyalli, duk da Turanci. Akwai filin jirgin sama a ciki. Akwai wata na'ura da za a maƙala wa kowace saniya a kunne, makiyayi na kwance yana kallonta a waya. Masu ƙosai sun yaba littafin ƙwarai, sun ce takardar ba ta shan mai.

Mu kau da muka je Tafashiya, na gama kirari, na miƙa wa Haladu lasifika, sai ya ce, "Jama'a, manufata ta farko kwalbati. Ta biyu, a cike ramukan hanya." Ya miƙo mani lasifikar. Na taɓa shi na ce ta uku fa? Ya ce, "Ta uku in an gama ta farko na faɗa."

Wani ya ɗaga murya daga baya, "To kai mai faci, in ka gyara hanya me za ka ci?"

Ya ce, "Ƙaya ba ta ƙarewa."

Mutane suka fashe da dariya, amma abin mamaki sai suka fara binmu. Masu tallar nono suka ɗauki zancen a ka tare da ƙwaryarsu, har kasuwar Kusada, inda ko ƙuri'armu ba su da ita, ana ta faɗin "mai kwalbati". Nan ne na ce wa Haladu mu buga fosta. Ya ƙi. Wai wa bai san fuskarshi ba a Kankia, kuma kunya yake ji a manna shi jikin bangon masallaci kamar ɗan cigiya. Na bar shi. Da na sani ƙeya ce, kuma har gobe ina sosa tawa.

Zaɓen ƙato bayan ƙato aka yi a wani fili: ɗan takara ko hotonshi a gaba, magoya baya su yi layi a bayanshi, malamin zaɓe ya bi yana ƙirgawa. Alhaji Sharafaddeen ko fitowa daga mota bai yi ba, wani ya ɗaga mashi hoto. Haladu kau ya tsaya da ƙafarshi cikin rigar sallarshi. Na waiga na ga layinmu ya miƙe har ya lanƙwasa ta bayan rijiya, ya ninka nasu. Na ce a raina, Gajere, bana ka bar kiran fasinja.

Sai ga Bube.

Ku gane, tun da aka ɗaura auren nan, Haladu da surukinshi ba su taɓa haɗa ido ba, balle akushi. In Haladu ya hango shi a kasuwa, sai ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, tsohon ya kau da kai ya amsa wa iska. Haka ake yi, haka muka iske. Ashe tsohon nan ya ji labari, ya yanki katin jam'iyya a ɓoye, ya tako tun da safe da sandarshi a kafaɗa. Mutane suka ga dattijo, suka buɗe mashi hanya don girmamawa, suka kai shi gaban layi, daidai ƙeyar Haladu.

Haladu ya waiga. Sai na ga takalmi ya fita, mutum ya kai ƙasa.

"Baffa, barka da isowa."

"Yauwa," in ji Bube, yana kallon gabas.

Na ruga na ce, "Haladu, tashi ka juya, ga malamin zaɓe can ya kusa gama nasu!"

Ya ce a hankali, "In ba Baffa baya? Ba ni iyawa."

Ya lallaɓa ya koma bayan tsohon. Shi kau Bube ba shugabanci ya zo nema ba, bayan surukinshi ya zo tsayawa, sai ya ja da baya ya koma bayan Haladu. Haladu ya sake zagayawa. Tsoho ya sake. Haka suka yi ta yi, mutane na matsa masu, ni ina biye ina roƙo kamar mai bara, har suka wuce rijiya suka kai ƙarshen layi. Can Bube ya jingina bayanshi da katanga, ya kafa sanda. Haladu ya rasa ta inda zai bi, ya tsaya a gabanshi a karkace, kai a sunkuye.

Malamin zaɓe ya iso gaban layinmu ya iske Kaka mai daddawa. Ya ce, "Ke ce 'yar takara?" Ta ce Allah ya tsare ta. Ya ce ina hoto? Babu. Ya ce doka ta ce na bayan ɗan takara ake ƙirgawa, wakilin Alhaji kuma na gefe yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Aka bi layi aka iske Haladu a can ƙurya. Malamin ya leƙa bayanshi, ya rubuta: ɗaya.

Na yi ihu, na yi rantsuwa, na jefar da hulata. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata. Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, da takarda muka ɗaga da mun ci, don hoto ba shi da suruki.

Fili ya watse, suka rage su biyu. A nan na ji abin da ban taɓa ji ba, Bube ya kira sunan surukinshi.

"Haladu. Jikana ne aka rufe a waccan gaɓar. Na ajiye tawa kunyar a ruga na tako, kai ka kasa ajiye taka na minti biyar?"

Hawaye ne kawai ke sauka ta ƙarƙashin tabaraun Haladu. Ni ma da na zo da baƙar magana a bakina, sai na haɗiye ta, don tausayinshi ya fi ƙarfin haushina.

Alhaji Sharafaddeen ya sha ƙasa a babban zaɓe, ya kwashe filin jirginshi ya koma inda ya fito. Haladu ya dawo gindin bedi, ni na dawo "Kano mutum ɗaya". Kwazazzabo na nan inda yake.

Daminar bana Bube ya kwanta ciwo, sai an kai shi asibiti. Na bi Haladu da mota muka tsaya a gaɓar da ya taɓa tsayawa. Ruwa har ƙugu. Ya haye, ya fito da tsohon, suka iso bakin ruwa, sai na ga ya fara jan jiki zai koma baya kamar yadda ya saba. Bube ya ɗaga sanda ya nuna mashi ruwan.

"Wuce gaba."

Ya wuce. Tsohon ya damƙi rigarshi ta baya da hannu biyu, suka shigo ruwan a hankali. Ina tsaye ina kallo har suka iso, Haladu bai waiga ba ko sau ɗaya.