Sunan da Munka Bar Faɗi

Ni wanzami ne, ubana ma wanzami ne, kuma ga alama a kaina sana'ar za ta ƙare a gidanmu. Samari sun koma shagon inji, kaciya ta koma asibiti. Abin da ya rage mini a Argungu sai tsofaffin da kansu ya saba da aska, sai kuma askin jariri ranar suna.

Bara, bayan an yanke shinkafar rani, wani magidanci ya sauka daga mashin a ƙofar gidana. Tun kafin ya gaishe ni na gane shi da tafiyarsa. Ɗan wani abokina marigayi ne, yana gyaran injin ban-ruwa can wajen Gesse a Birnin Kebbi. Ya durƙusa, munka gaisa.

Ya ce, "Baba, iyali an sauka lahiya, namiji. Suna ran Asabar, ƙofar gidan kakanmu za a yi. Kai nika so ka yi aski."

Na ce, "Wanzaman Birni sun ƙare ne, ko nawa ya hi arha?"

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Sunan mahaifina nika so in mayar. Baffa ya ce ba da bakinai ba."

Na ajiye askar da nake wasawa.

Ubansa ya kashe kansa shekara ashirin da wani abu da sunka wuce. Ba zan faɗi yadda ya yi ba, an faɗe shi a majalisa fiye da yadda ya kamata. Tun ranar ba wanda ya sake kiran sunansa a unguwarmu. In zance ya biyo ta kansa sai a ce "mutumin nan". Kuma suna ne na kowa da kowa, amma ban sake zuwa askin wani yaro a layinmu na ji an raɗa mishi shi ba. Shi kuwa Baffan da yake magana, wan marigayin ne, shi ne babba a gidan. A al'adarmu shi liman zai karkato wa ya tambayi sunan. In ya ƙi, an ƙi.

Marigayin manomi ne, shinkafa da albasa. Duk Juma'a da hantsi yake zuwa aski, ya zauna ya miƙo kai yana tsokanata wai askata ta fi lauje dakushewa. In ya cire albasa, ta farko gidana take zuwa, ya ce ladan raunukan da na ji mishi ne. Sai wata shekara tsokana ta ƙare. Yakan zo ya zauna shiru. Wuyansa ya rame har ina jin ƙashi a hannuna. Ya ce kansa ke nauyi, barci ya ƙi zuwa. Ni abin da na iya shi na yi, na ce jini ne ya taru, na kafa mishi ƙaho a ƙeya. Sau uku ina yi mishi. A na ukun, ina goge wurin, ya ce, "Wanzami, cikin zabirar nan taka babu ƙahon da ka tsotse tunani?"

Na yi dariya. Na ce, "Da akwai, da na fara da kaina." Na karɓi kuɗina, na kira na gaba. Juma'ar da ta biyo bai zo ba.

Laifi ne babba, na sani, malamai sun faɗa kuma ban musa ba. Amma limaminmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, abin da ya ce shi ne shi ba zai ja sallar ba, amma musulmi ne, a wanke shi, a sallace shi, a rufe shi. Mu ne munka ƙara namu. Mutum bakwai sunka bi makara, a garin da ko baƙo ya mutu a tasha sai sahu ya cika. Ni ba na cikin bakwai ɗin. Ina zaure ina jin tafiyarsu ta bayan katanga, ina wasa askar da ba ta bukatar wasawa. Tsoro nake kar a ce wanzami ma yana ciki, mutane su ɗauke kawunansu daga hannuna.

Matar ta zauna takaba tabarma ba kowa. Waɗanda sunka leƙa sai su ce "Allah shi ba da haƙuri" su tashi, ba mai iya cewa "Allah shi jiƙanai". Tana sayar da ƙuli-ƙuli, anka bar saye. Yara sunka riƙa nuna ɗiyanta da baki a hanyar makaranta. Da ta fita takaba ta kwashe su sai Birnin Kebbi wurin danginta. Shi wanga da ya zo mini lokacin bai wuce shekara tara ba.

Ya ce, "Baba, ban san shi ba. Inna in na tambaya sai kuka. Baffa sai ya tashi ya bar wurin. Abu ɗaya kaɗai anka taɓa gaya mini game da ubana, shi ne yadda ya mutu." Ya ce a asibiti an gaya mishi ciwo ne mai suna, kuma ana maganinsa. Na ji wannan, na tuna ƙahona. Na ba shi labarin albasa da lauje. Ya yi murmushi irin na uban. Na ce ya tafi, ran Juma'a Baffa zai zo aski.

Ya zo kuwa. Tsoho ne dogo mai taurin kai, tun muna yara haka yake. Na jiƙa kan, na bari sai da na aske rabi, don na san ba zai tashi ya fita gari da rabin kai ba.

Na ce, "Yaya, yaron nan ya zo mini."

Ya ce, "Na san za a rina. Wanzami, yi abin da ya kawo ni."

"Shi nika yi. Aski in ya zo gaban goshi ai dole a daure."

Ya ce, "Suna linzami ne. Ka ɗauki jinjiri ka ɗora mai wanga kaya?"

Na ce, "Mutum nawa ke da sunan ga a kasuwa? Ko mai tsiren bakin tasha sunanai ke nan, ga shi nan da ƙaton ciki, ko gobe anka busa ƙaho sai an jawo shi. Kuma a gida wa zai kira yaron da sunan? Abba za a ce."

"A makaranta fa? Malam zai kira suna, yara su koma gida su tambaya, uwayensu su ba su labari. Kai ba ka san abin da na sha ba. Ɗiyata ta fari sau biyu ana kawo kuɗin gaisuwa ana dawowa a karɓe, wai abin a jini yake. Ni na wanke shi da hannuna. Na waiwaya in ga sahu, mutum shida a bayana." Ya ɗago ido ya dube ni. "Kai ma ban gan ka ba."

Na ɗage aska daga kansa. Na ce, "Ba ka gan ni ba. Ina nan zauren ga. Kuma ni ya gaya wa yana son abin da zai cire mai tunani, na yi mai dariya. Shekara ashirin ban gaya wa kowa ba."

Ya sake miƙo kai. Na ƙarasa askin, na gyara mishi fuska. Da ya miƙe yana kakkaɓe riga ya ce, "Na riƙa jin haushinai, wanzami. Har yanzu wani lokaci ina ji. Ya bar mu da mutane." Ya sa hula ya fita. Bai ce i ba, bai ce a'a ba.

Ran Asabar bayan sallar asuba an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan. Mutane sun taru, don kowa ya ji ƙishin-ƙishin, wasu addu'a ta kawo su, wasu kallo. An raba goro da dabino. Limamin yanzu yaro ne, jikan na da. Ya karkata wurin Baffa ya ce a hankali, "Baba, mi as sunan?"

Baffa ya daɗe yana kallon tabarma. Uban jaririn yana can gefe tsugune, ya haɗa hannu kamar mai jiran hukunci. Can Baffa ya ɗago, ya nuna ni da haɓa.

Ya ce, "Tambayi wanzami. Shina da bashin magana."

To, ga shi ya zo kaina. Rabin mutanen da ke zaune wurin su ne sauran masu aski a hannuna. Na buɗe baki na faɗi sunan. Ban raɗa ba, na faɗe shi yadda na bayan sahu zai ji. Nauyinsa a harshe kamar na baƙon abu, alhali a da duk Juma'a nakan kira shi.

Wasu mutum uku sunka laluba takalmansu sunka tashi, ɗaya ya bar goronsa a tabarma. Liman bai dube su ba. Ya maimaita sunan, ya ɗaga hannu ya yi wa yaro addu'a, sannan ya ce a yi wa mai sunan Fatiha, Allah ya fi mu sanin abin da ya same shi. Amin ɗin ba ta yi ƙarfi ba, amma an ce. Na ji ta Baffa a kusa da kunnena. Daga cikin gida anka rangaɗa guɗa, ta tsinke a tsakiya. Daga baya anka ce mini kakar yaron ce.

Biyu daga cikin ukun nan ba su sake kawo mini kai ba. Na ukun ya dawo bayan wata biyu, ya ce inji yana sa mishi ƙuraje.

Da hantsi anka miƙo mini jaririn a zaure cikin zane. Uban ya tsuguna kusa yana kallon hannuna. Ya ce, "Baba, ya yi kama da shi?"

Na shafa ruwa, na duba kan sosai. Na ce, "Kan jinjiri ne dai, ba a rubuta komai bisanai ba. Riƙe mini ƙafafunai." Na yi bisimilla, na kira yaron da sunansa, na sa aska.