Falankin Saitin Datti Kafinta

Duk wanda ya taɓa noman rani tsakanin Kura da Bunkure ya san katakon Datti kafinta. Shi ke yanka falankan da ake jerawa ɗaya kan ɗaya a bakin kanal don tare ruwa. Aikin ba ya son wasa, in gefen katako ya karkace ko da kaurin farce ne, ruwa zai sami hanya. Na Datti kuwa, in ka haɗa biyu, ko allura ba ta shiga.

Ga shi da baki! Da ƙuruciya da ido kawai yake yanka, in ya ga wani yana jan layi da fensir sai ya ce, "Kai, zane kake ko kafinta?"

To, sai ido ya fara tafiya, a hankali, kamar hayaƙin murhu yana cika ɗaki. A asibiti aka ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Bai gaya wa kowa ba sai matarsa Sa'a, don ya san ranar da manoma suka ji, ranar za su daina kawo masa aiki. Wa zai ba makaho katako?

Sai ya yi dabara. Ya sami wani miƙaƙƙen falanki, ya riƙa kafe shi da ƙusa a kan abin da zai yanka, ya jingina gindin zarton lantarki a jikin falankin, ya tura. Zarton ba shi da inda zai bi sai inda falankin ya bi. Mutane suka yi ta masa tsiya, wai yau Datti ne da falankin saiti? Ya ce zamani ne.

Amma falanki itace ne, yana shan danshi ya lanƙwashe. Shi ya sa kowace safiya yake shiga da shi cikin gida. Sa'a ta ɗaga shi saitin fuskarta, ta kanne ido ɗaya yadda ya koya mata, ta ce, "Malam, ya miƙe," ko kuma, "Ya ɗan yi ciki a tsakiya," shi kuma ya fere wurin.

Da damina Sa'a ta kwanta da zazzaɓi, ba ta tashi ba. Wayyo, Datti! Mutumin nan ya yi kuka har sai da maƙwabta suka ji tausayinsa. Ya daɗe bai buɗe rumfar aikinsa ba, falankin yana jingine yana shan feshin ruwa. Da ya dawo ya shafa shi da hannu ya ji sumul. Ina hannu zai ji lanƙwasar da ta bi tsawon katako?

Aikin farko bayan dawowarsa na Jaji ne, abokinsa tun na yarinta, mai gona a Kadawa. Falankan ba su zauna a kan juna ba. Ruwa ya yi ta tsiyaya, ya kwanta a kan irin tumatirin Jaji har ya ruɓe.

Jaji ya zo a fusace, ga mutane zaune a rumfa. Ya miƙa masa katakon. "Haba Datti! Dubi abin da ka yi mini. Duba da kanka!"

Datti ya karɓa, ya ɗaga saitin fuska, ya kanne ido, ya daɗe a haka. Ba abin da yake gani sai fari-fari.

"Ni ban ga aibinsa ba," in ji shi.

Katakon da ko daga bakin titi za ka hango lanƙwasarsa. Jaji ya tsaya yana kallon abokinsa. Sannan ya ɗaga hannu ya kaɗa a gaban fuskarsa. Datti bai ƙifta ba.

"Innalillahi," Jaji ya faɗa. "Tun yaushe?"

"Ya daɗe." Datti ya laluba ya zare wayar zarton daga wuta. "Irin naka, ka yafe mini."

"Bar maganar iri, don Allah."

"To kama hannuna ka kai ni gida, Jaji. Na gaji da yin kamar ina ganin hanya."